Kayan ƙwalama na 'ya'yan itatuwa a Zariya

Kayan ƙwalama na 'ya'yan itatuwa su ne 'ya'yan itatuwan daji da na lambu, ɗanyu ko busassu, waɗanda ake ci tsakanin abinci da abinci don marmari, ba don a ƙoshi ba. A birnin Zariya da kewayensa sun haɗa da dabino, aya, goruba, magarya, kurna, kanya, ɗinya, aduwa, taura, kuka, tsamiya da ɗorawa, sai kuma na lambu irin su mangwaro, gwaiba, lemo, gwanda da kankana. Ana sayar da su a faranti da baro da ƙananan tebura a bakin makarantu da tashoshin mota da mashigan gari, musamman wuraren da jama'a ke yawan kai da kawowa kamar Ƙofar Doka. A 'yan shekarun nan sun samu kishiya, wato alewa mai danƙo ta cikin leda, wadda ake zana hoton 'ya'yan itace a jikinta alhali mafi yawan abin da ke ciki sukari ne. Masana abinci suna ɗaukar ɗan itace ɗungurungum a matsayin madadin da ya fi irin wannan alewa amfani ga jiki, ko da yake shi ma yana da nasa sharuɗɗan.

Suna da asalin kalmomi

Kalmar ƙwalama tana nufin son cin abu mai daɗi ba don yunwa ba, kuma sau da yawa ana haɗa ta da maƙulashe a ce "kayan ƙwalam da maƙulashe". 'Ya'yan itatuwan lambu kuwa an fi kiran su kayan marmari. Alewa, wadda wasu ke furtawa alawa, aro ce daga Larabci, daga tushen da ke nufin zaƙi, haka ma sukari. Minti da cingam da cakulan daga Turanci aka aro su, agwaluma kuma daga Yarabanci. Yawancin sunayen itatuwan daji kuwa tsofaffin kalmomi ne a harshen, kuma suna da bambancin karin harshe, misali ɗinya da ɗunya. J. M. Dalziel ya tattara da yawa daga cikinsu a littafinsa na sunayen tsirrai na Hausa da aka buga a 1916, sannan ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 ya kawo su tare da yadda ake amfani da su.

Alewa mai danƙo ba ta da suna guda da kowa ya yarda da shi. Yara sukan kira ta da sunan kamfanin da ya yi ta, ko da siffarta, ko su ce alewa kawai. Danƙon da ake nufi a nan shi ne taushi da jawuwar da take yi a baki idan ana tauna ta.

Alewa mai danƙo

Tarihi

Wannan nau'in alewa ya samo asali ne a Turai. Hans Riegel ya kafa kamfanin Haribo a birnin Bon na ƙasar Jamus a 1920, kuma a 1922 ya fito da alewa mai taushi mai siffar dabba, wadda daga baya ta bazu a duniya. Ta farko da ƙaro aka yi ta, wato irin danƙon da ake samu a jikin itacen dakwara, wanda har yau ake tattarawa a jihohin Borno da Yobe da Jigawa ana fitar da shi waje. Daga baya jelatin ya maye gurbin ƙaro a yawancin masana'antu. A shekarun 1980 kamfanonin Amurka suka fara tallata wani reshe nata da sunan ƙwalamar 'ya'yan itace, suna ƙara mata ɗan ruwan 'ya'yan itace da bitamin C, suna nufin iyaye masu neman abin da za su saka wa yara a jakar makaranta. A Najeriya ana samun ta a manyan kantuna da shagunan unguwa, mafi yawa shigo da ita ake yi.

Abin da ke cikinta

Kayan haɗinta na yau da kullum su ne ruwan gulukos da ake samu daga sitaci, da sukari, da abin da zai daskarar da ita, wato jelatin ko fektin ko sarrafaffen sitaci. Ana ƙara asid mai tsami irin na lemon tsami, da ƙamshi, da launi, a shafe bayanta da ɗan mai ko kakin zuma don kada ta manne. Ko da an ce akwai ruwan 'ya'yan itace a ciki, yawanci wanda aka dafe ne har ya yi kauri, ya rasa ɓawonsa da tsokarsa, ya zama kusan sukari zalla.

A irin wadda aka fi sani, kusan rabin nauyinta sukari ne, wajen giram 46 a cikin kowane giram 100, kuma ba ta da faiba, wato ɓangaren abincin tsiro da hanji ba ya narkarwa. Ke nan ƙaramar leda mai giram 25 tana ɗauke da sukari giram 11 zuwa 12, kimanin ƙaramin cokali uku.

Batun jelatin

Jelatin ana samun sa ne daga fata da ƙashin dabbobi. A Turai mafi yawansa daga fatar alade yake, saura daga shanu da kifi. Saboda haka Musulmi da yawa suke duba takardar kayan haɗi kafin su saya. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan ko sarrafawar da ake yi masa ta sauya asalinsa har hukuncinsa ya sauya, abin da ake kira istihala. Wasu kamfanoni suna yin wadda aka tabbatar halal ce, misali Haribo yana da masana'anta a Turkiyya da ke amfani da jelatin na shanu. Fektin kuwa daga ɓawon lemo da tuffa ake samun sa, don haka babu wannan tambaya a kansa.

Dalilan neman madadi

Yawan sukari

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, kuma idan aka rage shi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babba mai buƙatar kalori 2,000, kashi 10 ya zo daidai da giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, kashi 5 kuma giram 25. Yaron da ke buƙatar kalori 1,600, nasa giram 40 ne da giram 20. Idan aka auna da wannan, leda ɗaya ta alewa mai danƙo ta cinye fiye da rabin ƙaramin adadin, tun ba a lissafa shayin safe da kunu da lemon kwalba ba.

Ƙa'idar ta haɗa da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse da wanda aka dafe ya yi kauri. Ba ta haɗa da sukarin da ke cikin ɗan itace ɗungurungum ba, ko wanda ke cikin madara tun asali. Dalili shi ne sukarin ɗan itace yana ƙunshe a cikin tsokarsa tare da ruwa da faiba, sai an tauna, kuma yana cika ciki kafin a ci da yawa.

Haƙori

Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a dattin haƙori suna cin sukari su fitar da asid. Idan tsamin baki ya sauka ƙasa da kimanin 5.5 a ma'aunin pH, farin ɓawon haƙori yakan fara narkewa. Yawu yana gyara wannan, amma yana buƙatar rabin sa'a zuwa sa'a guda. Alewa mai danƙo tana maƙalewa a ramukan turame da tsakanin haƙora, sai tsamin ya daɗe, ga shi ita kanta an zuba mata asid. Yaron da ke tsintar ta ɗaya bayan ɗaya tun daga tara har tashi, bakinsa ba ya samun hutun da zai gyaru. Wannan ne ke kawo ramin da ake cewa tsutsa ta ci haƙori. Yawan lokutan da ake cin zaƙi a yini yana da tasiri kamar yawan abin da aka ci.

Ƙiba da ciwon sukari

Yawan shan zaƙi yana ƙara kuzarin da jiki bai buƙata, wanda kan taru ya zama ƙiba, ita kuma ƙiba tana cikin manyan abubuwan da ke kawo ciwon sukari nau'i na biyu da hawan jini. Wata illar kuma ita ce yaron da ya cika baki da zaƙi yakan ƙi cin abincin gida. A Najeriya dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da sauran abin sha mai zaƙi, amma harajin bai shafi alewa ba.

Kasuwancinsu a Ƙofar Doka da kewaye

Ƙofar Doka tana cikin ƙofofin ganuwar birnin Zariya, tare da Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Galadima, Ƙofar Jatau da sauransu. Ita ce babbar mashiga ga wanda ya taho daga Tudun Wada da Sabon Gari zai shiga cikin birni, kuma kwalejin Alhudahuda tana kusa da ita. Saboda yawan masu wucewa, 'yan makaranta da ma'aikata da fasinjoji, wurin ba ya rabuwa da masu baro da masu faranti. Ana sayar da kayan a kashi-kashi, ko a gwangwani, ko a ƙulle a leda, yadda mai ƙaramin kuɗi zai iya saya.

Zariya tana yankin da damina ke kamawa daga watan Mayu zuwa Oktoba, da ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara. Wannan yanayi ya dace da ɗorawa da kaɗanya da ɗinya da kanya da tsamiya da mangwaro, waɗanda ake kawowa daga ƙauyukan kewaye. Goruba da aduwa da magarya sun fi yawa a can arewa inda ƙasa ta fi bushewa, har cikin Jamhuriyar Nijar. Aya ana noma ta a arewacin Najeriya da yankin Maraɗi. Dabino yana zuwa daga Nijar da ƙasashen Larabawa, ana kuma samun na gida a Jigawa, inda cibiyar NIFOR take da tashar binciken dabino a Dutse. Lemo yawanci daga Binuwai yake, agwaluma da ayaba da abarba daga kudu. Rake kuwa an san Maƙarfi da shi, kuma daga gare shi ake yin mazarƙwaila.

Nau'o'i

Busassu da masu ɗaukar ajiya

Dabino (Phoenix dactylifera). Shi ne ya fi kusa da alewa wajen zaƙi da taushi, don haka yara ba sa ƙin sa. Giram 100 na busasshen dabino yana da sukari sama da giram 60, amma yana da faiba wajen giram 7 zuwa 8, da sinadarin fotasiyam. Kasuwarsa ta fi ci a watan azumi. Ƙwaya biyu ko uku sun isa ƙwalama.

Aya (Cyperus esculentus). Ba ɗan itace ba ce, saiwa ce da ke yin 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, amma tare ake sayar da su. Ana cin ta ɗanya ko busasshiya ko soyayya, ana yin kunun aya da dakuwa da ita. Tana da faiba mai yawa da mai, ba ta kai dabino zaƙi ba, kuma taunarta na ɗaukar lokaci. A yankin Balensiya na Sifaniya ma ana yin abin sha da ita. Mai sayar da aya mai sukari ya riga ya mayar da ita alewa, don haka wadda ba a barbaɗa wa komai ba ta fi.

Goruba (Hyphaene thebaica). Ana gaigayar ɓawonta mai ƙamshi, ko a daka a yi gari, ko a jiƙa a sha. Tsohon abinci ce ƙwarai, har an samu kwandunanta a kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar. Tana da tauri, ba ta dace da ƙaramin yaro ko mai haƙori mai girgiɗi ba.

Magarya (Ziziphus mauritiana) da kurna (Ziziphus spina-christi). 'Yan uwan juna ne, ƙanana masu ƙwallo a ciki. Ɗanyar magarya tana da bitamin C sosai, amma yana raguwa idan ta bushe. Ana daka busasshiya a tankaɗe a yi gari, a Nijar kuma ana curawa a turara a yi wani abu mai kama da waina da ake kira akuri.

Kuka (Adansonia digitata). Farin garin da ke cikin ƙwaryar ɗan kuka yana bushewa tun yana kan itace. Yana da tsami-tsami, da bitamin C da kalsiyam da faiba. Ana tsotsar sa, ana dama shi a sha, masu nono kuma sukan zuba shi don ya yi kauri. Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da shi a matsayin sabon abinci a 2008. Ɗan tamatsitsi da yara ke saya daga garin kuka ake yin sa, sai dai ana zuba masa sukari da kala.

Tsamiya (Tamarindus indica) da tsamiyar biri (Dialium guineense). Dukansu ana tsotsa. Tsamiya tana da asid mai ƙarfi, yawan tsotsar ta yana dasar da haƙora yana kuma cin ɓawonsu, don haka ta fi dacewa da kunu da jiƙo.

Aduwa (Balanites aegyptiaca), taura (Detarium) da gawasa (Neocarya macrophylla). Aduwa tana da zaƙi haɗe da ɗaci, kuma yawan shan ta na sakin ciki. Taura tana da koren gari mai zare-zare a jikin ƙwallo. Gawasa tana da ƙamshi mai ƙarfi da tsoka mai gari-gari.

Ɗorawa (Parkia biglobosa). Garinta rawaya ne mai zaƙi, ana lasa ko a dama. Ƙwayar da ke ciki, kalwa, ita ake yin daddawa da ita.

Ɗanyu na daji

Kanya (Diospyros mespiliformis) tana nuna ne bayan ɗaukewar ruwa, tana da zaƙi idan ta nuna sosai, da bauri idan ba ta kai ba. Ɗinya (Vitex doniana) baƙa ce mai laushi, ana shan ta haka nan, ana kuma dafa ruwanta a yi maɗi. Kaɗanya (Vitellaria paradoxa) ana shan tsokarta a farkon damina, lokacin da rumbuna suka fara yin ƙasa, sannan a yi man kaɗe da ƙwallon. Akwai kuma tsada (Ximenia americana), gwandar daji (Annona senegalensis), da giginya (Borassus aethiopum) wadda ake shan 'ya'yanta, a kuma dafa tsironta a ci da sunan muruci.

Na lambu

Waɗannan su ne suka fi ƙarancin sukari idan aka auna da nauyinsu, saboda ruwan da ke cikinsu. A kowane giram 100, kankana tana da sukari wajen giram 6, gwanda 8, lemo da gwaiba 9, ayaba 12, mangwaro 14. Gwaiba tana da bitamin C sama da miligiram 200, wato kusan ninki huɗu na lemo, da faiba fiye da giram 5. Mangwaro da gwanda da karas suna da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Sukarin da ke cikin ƙaramar ledar alewa guda, sai mutum ya sha kankana kusan giram 200 kafin ya same shi. Yalo da gauta da kokwamba kusan ba su da zaƙi, kuma suna cikin kayan ƙwalamar da aka saba da su.

Gyaɗa da riɗi

Ba 'ya'yan itatuwa ba ne, amma sukan raka su. Gyaɗa tana da furotin wajen giram 25 a cikin 100, da mai, don haka tana riƙe ciki. Haɗa dabino da gyaɗa, ko ayaba da gyaɗa, ya fi zaƙi zalla ƙosarwa.

Lokutan samuwa

Ba a samun komai a lokaci guda, kuma kowane ya fi araha a lokacinsa.

Bazara: mangwaro, ɗorawa, yazawa.
Damina: kaɗanya, tsada, gwandar daji, yalo, sai gwaiba a ƙarshe.
Kaka: ɗinya, sabuwar gyaɗa, sabuwar aya, rake.
Hunturu da rani: kanya, magarya, kurna, aduwa, taura, kuka, tsamiya, agwaluma, lemo, karas.
Duk shekara: dabino, busasshiyar aya, goruba, ayaba, da kankana saboda noman rani.

Kayan zaƙi na gargajiya

Kasancewar abu na gargajiya bai sa ya zama mai ƙarancin sukari ba. Alewar madara, tuwon madara, gullisuwa, hanjin ligidi, ƙwaƙumeti, alkaki da nakiya duk da sukari ko zuma ake yin su, wasunsu kuma suna manne wa haƙori kamar alewar kanti. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafe, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya sukari ce, haka ma maɗi da zuma. Kantu da dakuwa suna da ɗan fifiko saboda riɗi da gyaɗa da ayar da ke cikinsu, amma su ma na lokaci-lokaci ne. Rake da ake sha da baki ya fi ruwansa da aka matse, don taunar tana rage yawan abin da ake sha. Haka kuma sauya sukari da sinadaran zaƙi marasa kuzari ba shi ne mafita ba: a 2023 hukumar ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage ƙiba.

Sarrafawa a gida

Shanyayyen mangwaro. Mangwaro yana yin yawa a bazara har ya riƙa ruɓewa, kuma lokacin ne rana ta fi zafi. Ana fere wanda ya nuna amma bai lugwigwice ba, a yanka shi falle-falle, a shanya a kan tsaftataccen faranti a wuri mai tudu, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Yakan bushe cikin kwana biyu zuwa huɗu. Ana kuma iya markaɗa tsokar, a matsa lemon tsami kaɗan, a shimfiɗa ta siririya a faranti da aka shafa wa mai, idan ta bushe a ɓamɓare ta kamar kilishi a yayyanka. Wannan yana da taushi da jawuwa irin na alewa mai danƙo ba tare da an ƙara sukari ba. Irinsa sananne ne a Indiya, a Siriya kuma ana yin sa da wani ɗan itace da ake kira mishmish, ana ce masa ƙamaruddin.

Curin dabino. Ana cire ƙwallon dabino, a jiƙa shi kaɗan idan ya bushe da yawa, a daka da soyayyar gyaɗa ko riɗi ko garin aya, a cura ƙanana. Zaƙin dabinon ya wadatar.

Ƙanƙarar 'ya'yan itace. Ana markaɗa kankana ko mangwaro ko gwanda da tsokarsu, ko a dama garin kuka da nono, a ƙulla a sa a firji. Barin tsokar ya fi tacewa.

Hattara

Busassun 'ya'yan itace sukarinsu a tattare yake, kuma suna manne wa haƙori. Likitocin haƙori suna ba da shawarar a ci su tare da abinci, a kuskure baki bayan an gama, a kuma goge haƙora sau biyu a yini da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Mai ciwon sukari ya kamata ya nemi shawarar likita a kan yawan dabino da mangwaro da rake da zai sha.

Yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna iya shaƙewa da gyaɗa, aya, ƙwallon magarya ko na dabino, kamar yadda suke iya shaƙewa da alewa mai danƙo. A cire musu ƙwallo, a daka ko a yayyanka, kuma su ci a zaune. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma.

Gyaɗa da aya da ba su bushe da kyau ba suna yin fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin, wadda ke illa ga hanta. Duk wadda ta canza launi ko ɗanɗano a zubar. Busasshen dabino da magarya sukan yi tsutsa, don haka a buɗe a duba.

Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabaid, wanda masu walda ke amfani da shi. Yankakkun kankana da gwanda da abarba da aka bari a buɗe, ko aka yayyafa musu ruwan da ba shi da tsafta, suna iya yaɗa kwalara da taifod. Sayen ɗungurungum a wanke a yanka a gida ya fi aminci.

Wanda zai sayi na leda kuma, ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, sannan ya karanta jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka idan sukari ko ruwan gulukos ne a farko, alewa ce komai hoton da ke jikin ledar.

Adadin da ake so

A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2023, ana son yaro mai shekara 2 zuwa 5 ya ci aƙalla giram 250 na 'ya'yan itace da ganyaye a yini, mai shekara 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 zuwa sama kuma giram 400. Faiba kuwa giram 15 ne, da 21, da 25 bi da bi. Alewa mai danƙo ba ta shiga wannan lissafi ko da an ƙara mata bitamin.

Ƙalubale

Yawancin itatuwan daji ba dasa su ake yi ba, manoma ne ke barin su a gona idan sun tsiro. Saran itace don girki da gawayi, da faɗaɗar gari zuwa gonakin da ke kewaye, suna rage su, kuma irin su ɗorawa da kaɗanya da kuka sukan ɗauki shekaru masu yawa kafin su fara 'ya'ya. Rashin tsaro a wasu dazuzzukan arewa maso yamma ya sa shiga daji tsinto su ya yi wuya. Ga kuma rashin wurin ajiya, wanda ke sa mangwaro da gwaiba su yi arha ƙwarai na 'yan makonni, sannan su ɓace. A ɓangaren masu saye, alewar kanti tana da kala da leda mai ɗaukar ido, ba ta lalacewa da wuri, wasu yaran birni kuma suna kallon magarya da kanya a matsayin abincin ƙauye. Su kuwa mata da 'yan mata da tsofaffin da ke tsintowa da sayar da waɗannan 'ya'yan itatuwa, da ɗan cinikin suke rufa wa kansu asiri.

A cikin karin magana

Daɗewar waɗannan itatuwa a rayuwar Hausawa ta bayyana a harshe. Ana cewa "kanya ta nuna, biri ya karye" idan dama ta zo lokacin da mai son ta ba shi da ikon cin moriyarta. Ana kiran yaron da ke jawo wa iyayensa magana "ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa", saboda jifa ake yi kafin a kaɗo shi. "Inuwar giginya, na nesa ka sha" ana faɗar ta ga wanda alherinsa ke tsallake na kusa da shi. Haka nan ana cewa a "rarrabe aya da tsakuwa" idan ana son a tantance mai kyau da marar kyau, wanda kuma aka "gasa wa aya a hannu" ya sha wuya ke nan.

Duba kuma

Zariya
Ganuwar Zariya
Dabino
Kunun aya
Mazarƙwaila
Ciwon sukari